Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Daga wani malamin Sashen Lissafi

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina bisa wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta sabunta manhajar nan ta ƙididdiga da a ke kira R, wadda ɗalibanmu na ajin ƙarshe su ke aiki da ita wajen rubuta kundin bincikensu. Na san wani zai ce, "Malam, ai wannan zancen masu gyaran kwamfuta ne, me ya kawo shi shafin Hausa?" To, ina roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, domin ni a ganina zancen amana ne. Malamin da ya rubuta adadi a takarda ya sa hannu, ya ɗauki alkawari ke nan cewa ko gobe aka ce ya sake lissafin, wannan adadin zai sake fitowa.

Da fari bari in yi wa sababbin shiga bayani kaɗan, don kada mu bar su a baya. Ita R manhaja ce wadda a ke rubuta mata umurni ta yi lissafi. Ka ba ta makin yara ɗari biyar, ka ce ta fitar da matsakaici, ko ta gwama maza da mata, ko ta zana maka hoton yadda makin ya bazu, kafin ka ɗaga kai ta gama. Wasu malamai biyu ne na Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara ƙera ta a farkon shekarun 1990, bisa tsarin wata tsohuwar manhaja mai suna S. Tun 1995 aka mai da ita kyauta ga kowa, ba a biyan ko anini. Cikakken bugunta na farko, watau 1.0.0, ya fito ran 29 ga Fabrairu, 2000.

Ita kanta R kamar gida ne da aka gina aka sa masa tabarma da randa. Sauran kayan ɗaki kuwa mai gida ne zai ɗauko gwargwadon bukatarsa. Waɗannan kayan su ne ƙunshe-ƙunshen da masana na ƙasashe dabam dabam su ke rubutawa su ajiye a wani babban rumbu na intanet mai suna CRAN, wanda aka kafa a 1997. Ƙunshin da ke cikin wannan rumbu sun haura 20,000. Akwai ggplot2 na zane, akwai readxl mai karanto jadawalin Excel, akwai agricolae wanda wani masani na ƙasar Peru ya rubuta domin masu gwajin amfanin gona. Abin da ya kamata a lura da shi, ƙunshin nan sun dogara da juna kamar jinkar ɗaki. Wannan ya hau bisa wancan, wancan kuma ya hau bisa R kanta. In ka zare sanda ɗaya ba da lura ba, ba ka san wadda za ta biyo ta ba.

Kowane bugu na R yana da lamba uku, misali 4.3.1. In lambar ƙarshe ce ta sake, to ɗan gyara ne, kayanka suna nan yadda ka bar su. Lambar tsakiya kuwa ta kan sake sau ɗaya a shekara, galibi cikin watan Afrilu, kuma a nan ne mutum ya kan buɗe kwamfutarsa ya tarar kamar an yi masa sata, domin sabon bugun ya kan buɗe sabuwar taska wadda babu kome a ciki, tsofaffin ƙunshi suna can a tsohuwar taska. Lambar farko ba ta cika sakewa ba. An yi 2.0.0 a 2004, aka yi 3.0.0 a 2013, sa'an nan 4.0.0 a Afrilun 2020, wanda ya tilasta wa kowa sake sauko da ƙunshinsa duka.

To, a nan kwalejinmu na lura mutane sun kasu kashi biyu game da wannan al'amari. Akwai 'yan ɗoki, waɗanda da sun ji an ce sabon bugu ya fito sai su danna, ko da kuwa gobe ne za su miƙa kundi. Akwai kuma 'yan ƙememe, waɗanda tun ranar da wani ya sa musu R a kwamfuta ba su ƙara taɓa ta ba, shekara biyar, shekara shida. Ra'ayina shi ne duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Sabuntawa wajibi ce, amma tana da lokacinta da ƙa'idarta, kuma aiki ne na kwaleji baki ɗaya, bai kamata a bar kowa da kiwon da ya karɓe shi ba.

Bari in fara da 'yan ɗoki, domin ni ma na taɓa zama cikinsu, kuma na sha da bakina.

A shekarar 2019 ina rubuta kundin ƙarin karatuna bisa yadda 'ya'yan Hausawan Badun su ke zuwa makarantar firamare. Kowa a nan ya san Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan gari. Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo kusa da Mokola, fataucin goro da na shanu suka raya ta. Daga baya jama'armu suka yaɗu zuwa arewacin gari, cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele, wajajen Shasha inda a ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, da Ojo, da Moniya, har zuwa karar shanu. Na bi makarantu na kwafo sunayen yaran Hausawa daga rajista, suka kai wajen ɗari huɗu. Tun da ya ke ba zan iya zama da kowannensu ba, sai na sa R ta yi mini ƙuri'a ta fitar da sittin.

Ita ƙuri'ar kwamfuta tana da wata dabara. Kafin a jefa ta, a kan ba ta wata lamba da a ke kira iri, da umurnin set.seed. Muddin ka ba ta iri ɗaya da jerin sunaye ɗaya, to sunayen da suka fito yau su ne za su fito gobe. Wannan ita ce shaidar mai bincike cewa bai zaɓi 'ya'yan abokansa ba. Na rubuta lambar irin a littafina, na shiga unguwa. Na yi makonni ina bin gidaje, ina zama a zaure da iyaye, wani ya karɓe ni da fura, wani ya ce in dawo bayan la'asar. Cikin wannan hali, wajen watan Mayu, wani ƙanena ya zo ya ga kwamfutata, ya ce, "Yaya, ai taka ta tsufa, an fitar da 3.6.0 tun watan jiya." Na ce ya sa mini. Ya sa, muka ga kome yana tafiya, na yi masa godiya.

Ranar da na zauna gaban malaman da ke duba aikina, sai ɗayansu ya ce, "Malam, nuna mana yadda ka zaɓi yaran nan sittin." Na buɗe kwamfuta da ƙarfin zuciya, na sa lambar iri, na danna. Jama'a, sai ga waɗansu sunaye dabam! Cikin sittin ɗin, 'yan kaɗan ne suka dace da yaran da na yi hira da su. Na sake dannawa, haka. Gumi ya karyo mini. Babu wanda ya ce mini maƙaryaci, amma na ga yadda suka dubi juna, kuma sun san ni ɗan unguwar ne. Me zai hana su zaci cewa gidajen 'yan'uwana na bi, sa'an nan na laƙa wa ƙuri'a? Aka ce in je in dawo.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. A rana ta huɗu na buɗe takardar labarin canje-canje wadda ke zuwa tare da kowane bugu, wadda da ma can ban taɓa karantawa ba. Ashe a bugu na 3.6.0 an sake hanyar da umurnin sample ya ke jefa ƙuri'a, sabo da an gano tsohuwar hanyar tana ɗan karkata in jerin ya yi yawa ƙwarai. Gyara ne mai kyau, ba laifin kowa ba ne, kuma sun rubuta shi ɓaro ɓaro, har sun faɗi yadda za a koma tsohuwar hanya ga mai bukata. Na rubuta layi ɗaya tak, umurnin RNGversion da lambar tsohon buguna, na danna, sai ga yarana sittin sun jeru kamar yadda na san su. Alhamdu lillahi, na kuɓuta. Amma da a ce ban tuna bugun da na fara aiki da shi ba fa? Da aikin wata da watanni ya tafi, da mutuncina ya bi shi.

Abin da na yi daidai ya ke da na mai awon hatsi wanda ya fara auna wa mutum buhu da mudu ɗaya, da ya kai tsakiya sai ya ɗauko wani mudun. Ko da sabon mudun ya fi tsohon inganci, lissafin buhun ya ɓaci. Kuma kada a zaci sau ɗaya irin wannan ya faru. A bugu na 4.0.0 an sake wata tsohuwar al'ada ta R. A dā, in ka karanto jadawali mai kalmomi, kamar "namiji" da "mace", sai ta mai da su rukuni da kanta. Daga 2020 ta daina, sai in kai ka ce ta yi. Mutane da yawa da suka ɗauko tsofaffin takardun umurninsu sun tarar da jan rubutu inda a dā babu. Mai jan rubutu ma ya yi sa'a, domin an yi masa gargaɗi. Wanda ya shiga uku shi ne wanda lissafinsa ya sake shiru, bai sani ba.

To, sai 'yan ƙememe su ce, "Ka ji ko? Abin da mu ke gudu ke nan. Da tsohuwar zuma a kan yi magani." Ni kuwa sai in ce musu su dakata, nasu hatsarin bai gaza na wancan ba, sai dai shi a sannu ya ke zuwa.

Na fari, mu Hausawa muna da dalili na musamman na son sabon bugu. Tun shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa cikin rubutun boko, watau ɓ da ɗ da ƙ, kuma kowane malamin Hausa ya san bambancin kofa da ƙofa, da na dauka da ɗauka a bakin mai koyo. Amma shekara da shekaru, R da ke kan Windows ba ta jituwa da waɗannan haruffa. Ka sa sunan yarinya Ruƙayya cikin jadawali, ka ce a nuna, sai ka ga an rubuta Ru<U+0199>ayya. Haka Ɗahiru, haka Ɗanɓatta, haka Ƙaura. Wannan ya sa ɗalibai da yawa suka riƙa cire lanƙwasar tun daga farko don su huta, watau na'ura ta koya musu ɓata harshensu. A bugu na 4.2.0, wanda ya fito a Afrilun 2022, aka mai da R ta Windows bisa tsarin haruffa na UTF-8, wanda ya ɗauke haruffanmu duka, muddin Windows ɗin ba tsohuwa ce ƙwarai ba. Duk wanda ya ƙi gaba da bugun da ya gabaci wannan, kuma ya ke koyar da Hausa, to da hannunsa ya ke riƙe da cutar da aka riga aka samo maganinta.

Na biyu, rumbun CRAN ba ya jiran kowa. Masu rubuta ƙunshi suna gyara kayansu bisa sababbin bugu. Wata rana za ka bukaci sabon ƙunshi, ka je saukowa, a ce maka ba ya hawa kan bugunka. Ko kuwa ka sauko da ɗaya, shi kuma ya nemi a sabunta waɗansu goma, cikin goman biyu su ƙi. A nan ne mutum ya kan tsaya tsakiyar kogi, bai haye ba, bai koma ba. Har ila yau, a kan yi wa waɗansu ƙunshi ritaya. A watan Oktoba na 2023 aka janye rgdal da rgeos da maptools daga rumbun, waɗanda masu zanen taswira suka daɗe suna dogara da su, aka ce a koma ga sf da terra. An yi shelar wannan tun da wuri. Amma ɗalibin Labarin Ƙasa da ya gaji takardar umurni daga wani tsohon ɗalibi, yana so ya zana taswirar mazaɓun Akinyele, zai tarar da ƙofa a rufe, kuma ba zai san dalili ba.

Na uku, akwai maganar tsaro. A 2024 aka bayyana wata kafa a cikin R, inda mugu zai iya shirya fayil na bayanai irin na rds, in ka buɗe shi sai ya aikata abin da ba ka umurce shi ba. An toshe wannan kafa a bugu na 4.4.0 na Afrilun 2024. Mu kuwa kun san halinmu, fayil ya kan bi hannu goma ta filashi da WhatsApp kafin ya iso ga mai shi.

Na huɗu, kuma wannan ya fi damuna a matsayina na malami, mu masu horon malamai ne. Ɗalibin da ya bar nan ba a ɗakin kwamfutarmu zai ƙare ba. Wani zai shiga Jami'ar Badun, wadda ke nan kusa da mu tun 1948, don ƙarin karatu. Wani zai nemi aikin tattara bayanai wajen masu binciken noma, irin na cibiyar IITA da aka kafa a 1967 a kan hanyar Oyo, inda aikin gwajin rogo da masara da wake ba ya yiwuwa sai da ƙididdiga. Wani hukumar ilmi za ta ce ya tsara sakamakon jarrabawar makarantu. Tun bugu na 4.1.0 na 2021 aka ƙara wata sabuwar alama ta jera umurni ɗaya bayan ɗaya, kuma littattafan koyo na baya-bayan nan da ita su ke misali. In muka horar da yaro bisa bugun da ba ya gane wannan alama, ya fita ya buɗe littafi ya kasa bin misalin shafin farko, wa ya cuce shi in ba mu ba?

Na san akwai uzuri, kuma ba na raina shi. Kuɗin data yana da tsada ga ɗalibi. Wutar lantarki ta kan ɗauke mutum yana tsakiyar saukowa. Waɗansu kwamfutocinmu kuma tsofaffi ne, kuma gaskiya ne daga bugu na 4.2.0 an daina yin R domin Windows mai 32-bit, sabo da haka akwai injin da ba zai wuce 4.1.3 ba ko me aka yi masa. Amma in aka duba da kyau, wannan uzuri hujja ce a gare ni. Abin da ya sa sabuntawa ta ke da tsada shi ne kowa yana yin tasa shi kaɗai. Ɗalibi ɗari su sauko da abu ɗaya sau ɗari, kowa da kuɗinsa, kowa da ranarsa, a ƙarshe a sami bugu bakwai a aji ɗaya, malami ya rubuta umurni a allo ya yi aiki ga wannan ya ƙi ga wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattawan cikinmu za su tuna ran 2 ga Afrilu, 1972, sa'ad da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Ba a ce kowane direba ya sake hannu ranar da ya ga dama ba. Da an yi haka, da gawa ta cika hanyar Ikko. An sa rana, aka yi ta shela a rediyo da jaridu, aka gyara alamun hanya, sa'an nan kowa ya juya tare. Haka aka yi ran 1 ga Janairu, 1973, da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo. An gaya wa kowa fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya kwabo goma, don mai bashi da mai bin bashi su san inda lissafinsu ya tsaya. Canji ba shi ne abin tsoro ba. Canjin da ba a sa masa rana ba, ba a kuma rubuta ƙa'idarsa ba, shi ke kawo ɓarna.

Sabo da haka ga shawarwarina ga Hukumar Kwaleji da shugabannin sassa da 'yan'uwana malamai.

Na ɗaya, a sa lokacin sabuntawa sau ɗaya a shekara, cikin dogon hutu, bayan 'yan ajin ƙarshe sun miƙa kundinsu, kafin sababbi su fara nasu. Kada a kama sabon bugu ranar da ya fito. A jira 'yan watanni har ɗan gyaransa na farko ya biyo baya, watau mai lamba 1 a ƙarshe, lokacin masu ƙunshi ma sun daidaita kayansu. Sauri ya kan haifi nawa.

Na biyu, a ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki, da ɗalibai biyu ko uku masu taimaka masa don su ma su koya. Shi zai karanta takardar labarin canje-canje, ya tsamo abin da ya shafe mu, ya rubuta shi a shafi ɗaya da Hausa da Turanci, a manna a ƙofar ɗakin kwamfuta. Shi zai sauko da R da RStudio da ƙunshin da mu ke koyarwa da su sau ɗaya, ya zuba a filashi mai tsabta, kowa ya zo ya ɗiba. Tsofaffin injunan da ba za su ɗauki sabon bugu ba, a liƙa musu takarda mai faɗin bugun da ke cikinsu, a bar su don koyon farko, kada a yi aikin kundi da su.

Na uku, kada a kori tsohon bugu sai sabon ya ci jarrabawa. A kan Windows, bugu biyu suna iya zama gefe da gefe, kowanne a ɗakinsa, kuma a cikin RStudio akwai wurin da a ke zaɓen wanda za a yi aiki da shi. Kafin a taɓa kome, a kwafe aiki duka a ajiye waje ɗaya. A fitar da jerin ƙunshin da ke tsohuwar taska da umurnin installed.packages, a adana shi, don a san abin da za a mayar. Wanda ya kwafo tsofaffin ƙunshi zuwa sabuwar taska kuwa, lalle ya bi su da umurnin update.packages tare da sharaɗin checkBuilt, don a sake waɗanda aka gina bisa tsohon bugu. Sa'an nan a ɗauko wani tsohon aiki wanda an san amsarsa, misali makin wani aji na bara, a sa sabon bugu ya lissafa. In adadin ya dace da na dā har ɗigo, madalla. In bai dace ba, a tsaya a nemo dalili. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Na huɗu, ɗalibin da ya fara lissafin kundinsa, to ya ɗaure hannunsa har ya gama. Ko wa ya ce masa taka ta tsufa, ya ce ya ji, sai bayan miƙawa. Waɗanda suka ƙware suna iya aiki da ƙunshin renv, wanda ke riƙe wa kowane aiki nasa ƙunshin da lambobinsu, yadda sabuntawar waje ba za ta taɓa shi ba.

Na biyar, kuma in za a karɓi ɗaya tak daga cikin shawarwarin nan to a karɓi wannan, kada a amshi kundin da aka yi lissafinsa da R sai an ga shafin da ke faɗin bugun da aka yi aiki da shi. Ba wuya ba ne. Umurnin sessionInfo zai fitar da lambar R da ta kowane ƙunshi cikin ƙiftawar ido. A buga wannan a shafin ƙarshe, tare da lambar iri in an yi ƙuri'a. Da na yi haka a 2019, da ban kwana uku ido biyu ba.

'Yan'uwana ɗalibai, ku dubi iyayenmu da ke kara. Shekara da shekaru a ke kawo shanu daga Arewa, a sauke su wajen mai gida, dillali ya haɗa ciniki, mahauci ya kora dabba bashi, ba takardar lauya, ba hatimi. Abin da ya riƙe wannan sana'a tun zamanin kafa Sabo shi ne kowa ya san in mai gida ya faɗi adadi, gobe ma shi zai faɗa. Ranar da bakinsa ya zama biyu, ranar fatake za su sake masauki. Mu ma haka mu ke. Adadin da za ku rubuta nan gaba na 'ya'yan mutane ne. Da shi za a ce wannan yaro ya wuce, wancan ya maimaita aji. Da shi za a ce wannan makaranta tana bukatar ƙarin malami, waccan ba ta bukata. Wanda ya ce "kwamfuta ce ta faɗa" bai kare kansa ba, domin shi ya sa hannu, ba kwamfutar ba.

Dogon hutu yana tafe. Ina roƙon Hukumar Kwaleji ta dubi wannan magana tun yanzu, a sa rana, a naɗa mai aiki, don kada mu sake ganin ɗalibi yana kuka a ɗakin kwamfuta ana saura kwana biyu a rufe karɓar kundi. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon riƙe amana, amin.